Launi, Ɗanɗano da Wari: Abin da Randa Take Ɓoyewa

(Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan ya lafa.)

Yau shirin namu ya yada zango a ƙofar gidajen mutanen Hayin Banki da maƙwabtansu na Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Rafin Guza.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin zaure ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, balle wanda Allah ya kai shi ga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya san cewa a babin tsarki akan koya wa almajiri alamomi uku da ake auna ruwan alwala da na wankan ibada da su, watau launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Muddin babu ɗaya daga cikin ukun nan da wani baƙon abu ya jirkita, to, a mazhabar Imamu Malik ruwan nan mai tsarki ne, mai tsarkakewa kuma. Wannan hukunci daidai yake a muhallinsa, domin mas'alar da malaman fiƙihu suka zauna warwarewa ita ce da wane ruwa salla take inganta. Ba su taɓa ce mana sun warware mas'ala ta biyu ba, watau wane ruwa ne cikin jariri zai karɓa ya zauna lafiya. Mu ne, da gaggawarmu, muka ɗaure mas'alolin biyu da igiya ɗaya, har ya zamana idan uwar gida ta ɗebo ruwa a moɗa ta ɗaga shi ga haske ta gan shi garau, ta shinshina ba ta ji komai ba, sai hankalinta ya kwanta ta miƙa wa yaro. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan sha'ani dai, jama'a, ido bai san ƙima ba ko kusa.

Dalili kuwa shi ne, daga cikin halittun Allah akwai wasu da ƙanƙantarsu ta kai matuƙa, waɗanda in an jera ɗaruruwansu kai da ƙafa ba su fi kaurin bakin farce ba, ba su canza launin ruwa, ba su ba shi wari, alhali kuwa su ne asalin yawancin gudawa da amai da atini da muke fama da su. Ɗan Adam bai taɓa ɗora ido a kansu ba sai a ƙarni na 17, sa'ad da wani mai sayar da tufafi a garin Delft ta ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ƙware wajen goge gilashi har ya ƙera madubin da ke ƙara wa ƙaramin abu girma. Mutumin nan mai son bin diddigi ne ƙwarai, har ma a shekarar 1681, da gudawa ta kama shi, ya duba abin da ya fito daga cikinsa a ƙarƙashin madubin, ya ga waɗansu 'yan halittu suna iyo a ciki. Likitoci sun kasa ƙwayoyin cutar nan gida-gida: akwai bakteriya, akwai bairos waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, akwai kuma dangin amiba. Sunayensu na da yawa, amma hanyar da suke bi su shiga cikinmu kusan guda ce, kuma a gafarce ni in faɗe ta ƙarara, tun da babu kunya a wajen neman ilmi: daga bayan gidan wani suke fitowa, su ƙare a bakin wani.

Na san mai sauraro zai yamutsa fuska ya ce a'uzu billahi, wa zai yarda da haka? Babu mai yarda, amma mu leƙa gidan haya guda a unguwarmu mu gani. Fili ne ɗan ƙarami, an cika shi da ɗakuna har ba wurin shanya, masai a wannan kusurwa, rijiya a waccan, tsakaninsu taku bakwai ko takwas, a bayan katanga kuma ga masan maƙwabci ya jingina da rijiyar ba wanda ya lura. Masana suna so a bar aƙalla mita 15 tsakanin masai da rijiya, mita 30 kuwa ya fi, to, ina filin yake? Da rani ƙasa takan tace abin da ta iya tacewa. Amma idan damina ta kankama, marka ta sauka a watan Agusta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, masai ya cika ya tumbatsa, kwatami ya yi ambaliya ya bi lungu, sai abin da ke cikin ramin can ya sami hanyar sadar da zumunci da abin da ke cikin ramin nan. Ko ruwan famfo, wanda ya baro matatar Malali da maganinsa, in ya biyo ta bututun roba da magidanta suka ja da kansu ta cikin kwata, bututun kuma ya tsage, to, duk lokacin da ruwa ya ɗauke bututun yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi. Ga kuma jarkokin 'yan ga-ruwa, bayin Allah masu neman halaliyarsu da guminsu, waɗanda bakin jarkar bai isa hannu ya shiga ya wanke cikinta ba. Ga guga da ake yarwa a ƙasa a sake jefa ta a rijiya. Ga ƙuda, wanda ba ya neman izini tsakanin masai da akushi.

Kada wani ya zaci wannan jarrabawa ce ta talakan Afirka kaɗai. A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1854 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta faɗa wa wata unguwa mai suna Soho a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma, mutanen wancan zamani kuwa, har da manyan likitocinsu, sun tafi a kan cewa mugun wari ne da ke cikin iska yake kawo ta. Wani likita, John Snow, ya ƙi wannan fassara, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, sai ya tarar da sawu duka sun nufi famfon rijiya guda da ke titin Broad. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne na wata dattijuwa da ta tashi daga unguwar tuntuni ta koma Hampstead, can nesa da annobar, amma saboda daɗin da ruwan famfon nan yake yi mata a baki, ta sa ana kawo mata shi a kwalba. Ta sha, ta rasu. Ruwa ne mai sanyi, mai daɗi, da ya yi suna a unguwar. Da aka tona daga baya, sai aka ga tsakanin rijiyar da wani tsohon ramin ƙazanta bai kai mita ɗaya ba. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Ita kanta ƙwayar cutar, wadda ta yi kama da waƙafi a rubutu, sai bayan shekara 30 Bajamushen nan Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ita, bayan ya bi sawunta a Masar da Kalkata ta ƙasar Indiya.

Kwalarar da muke fama da ita yau ta taso ne daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, daga nan ba ta sake yin sallama da mu ba. A 1991 ta kashe mutum fiye da 7,000 a Nijeriya. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, mafi yawansu kuwa a jihohinmu na Arewa. Aikin ƙwayar nan abin al'ajabi ne: ba ta huda hanji, ba ta shiga jini, illa iyaka ta manne a bangon hanji ta saki wani dafi da ke sa jiki ya dinga kwararo ruwansa da gishirinsa waje, har babban mutum ya zubar da kusan lita guda cikin sa'a guda, zawon kuwa fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Mutumin da aka yi sallar asuba da shi a sahu, kafin isha'i idanunsa sun zurma, muryarsa ta dushe. Wani abin lura kuma, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa kwantawa ciwo ko kaɗan, suna ta harkokinsu a kasuwa, amma suna fitar da ita kwana da kwanaki. Kuma in ƙaddara ta faɗa, masu wankan gawa su yi hattara, su wanke hannuwansu da sabulu da ruwa mai maganin kulorin, kada su wuce daga nan zuwa tukunyar abincin zaman makoki.

In damina ta kwalara ce, hunturu na wata ƙwayar ce da ake kira rota, wadda wata masaniya, Ruth Bishop, da abokan aikinta suka gano a birnin Melbourne na Ostareliya a 1973. Ita ce kan gaba wajen kwantar da jarirai da amai da zawo, kuma a kanta ne nake da 'yar jayayya da iyayenmu mata da kakanninmu, Allah ya ƙara musu lafiya. Da zarar yaro ɗan wata shida ko bakwai ya fara zawo, sai a ce haƙori ne, a bar shi, in haƙorin ya fito zai tsaya. Haƙori yana sa dasashi ƙaiƙayi, yana sa dalala da rigima, wannan gaskiya ne. Amma ku dubi abin da ke faruwa da yaro a daidai wannan lokaci. Lokacin ne ya fara rarrafe, yana tattara duk abin da ya tarar a tsakar gida yana kai wa baki don ya sosa dasashinsa. Lokacin ne aka fara ɗura masa koko da ruwan randa bayan da can nonon uwa kaɗai ya sani. Lokacin ne kuma garkuwar da ya gado daga jikin mahaifiyarsa take ja da baya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Haka nan idan maɗigar yaro ta faɗa, ba wani abu ne ya taɓa shi ba, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma abin da za a shafa a ka ba ya mayar da ruwan da ya fita ta ƙasa. Tun watan Agusta na 2022 an shigar da rigakafin rota cikin jerin rigakafin yara a Nijeriya, ana ɗiga shi a baki a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta, a asibitocin sha-ka-tafi.

Atini, mai zuwa da jini da majina da murɗar ciki, wani lokaci aikin amiba ne, wani lokaci na wata bakteriya ce da Kiyoshi Shiga na ƙasar Japan ya gano, wadda ƙwaya goma zuwa ɗari kacal sun isa su kayar da ƙato, don haka musafaha ma tana iya ɗaukarta. Taifot ma ta wannan ƙofa take shigowa, ko da yake ita zazzaɓi ne babbar alamarta.

Yanzu bari mu bar randa mu koma ga tukunya, inda aka fi zaluntar bayin Allah da zato. Na taɓa halartar wata walimar aure a nan cikin gari, aka ci shinkafa dafa-duka bayan la'asar, aka yi addu'a aka watse. Kafin a kira isha'i gidaje da dama sun rikice da amai. Gari bai waye ba sai da aka sami wadda za a ɗora wa laifi, aka ce ai an ga uwargidan ango tana kai da kawowa a wajen tukwane, wa ya san abin da ta barbaɗa? Baiwar Allah nan ta sha kuka, zumunci ya yi rauni, alhali kuwa da an tambayi masu girkin wata tambaya guda, da an huta: yaushe aka sauke shinkafar? Tun kafin asuba aka sauke ta, aka zuba a manyan kuloli aka rufe, ta wuni a ɗaki da ɗumi-ɗuminta.

Ga abin da ya faru a cikin kulolin nan. Akwai wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, tana zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, likitoci suna ce mata Bacillus cereus. Idan ta ji wuta sai ta shige cikin wani ɓawo mai tauri ta yi likimo, tafasa ba ta kashe ta. Da zarar abinci ya huce ya koma ɗumi, sai ta fito ta shiga hayayyafa. Ƙwayoyin nan kuwa ba aure suke yi ba, kowace ɗaya rabewa take yi biyu, kuma in wuri ya yi musu daɗi suna iya yin haka duk bayan minti 20. Mai son lissafi ya ɗauki alƙalami: ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, cikin sa'a bakwai ƙwaya guda ta haura miliyan biyu. Zafin da suka fi so yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, watau daidai yanayin ɗakunanmu a watan Maris da Afrilu, daidai kuma yanayin firij da wuta ta ɗauke masa tun jiya. Mafi muni, dafin da wannan ƙwaya take zubawa a shinkafa ba ya jin wuta, ko an sake ɗumama abincin yana nan daram, kuma shinkafar ba ta yi yami ba, ba ta yi wari ba, ba ta canza kama ba. Alamomin nan uku sun sake cin amanarmu.

Tana da 'yan'uwa a wannan sana'a. Akwai wadda ke zaune a hancin mutum da fatarsa da cikin ƙurji ko yankan wuƙa a yatsa, ta faɗa cikin fura da ake mulmulawa da hannu, ko nama da aka yayyanka bayan an gasa, ita ma ta bar dafin da ke sa amai cikin sa'a ɗaya zuwa shida. Akwai mai son babbar tukunyar miyar nama da aka bari ta huce a hankali cikin dare, tata alamar murɗar ciki ce da zawo bayan sa'a shida har zuwa kwana guda. Akwai Salmonella da Campylobacter na jikin kaji da ƙwai da madarar da ba a tafasa ba, su kuwa sai bayan kwana ɗaya ko biyu ko fiye suke bayyana, da zazzaɓi, lokacin da mutum ya riga ya manta da abin da ya ci, ya ɗora laifin a kan abincin ƙarshe da ya shiga bakinsa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ci da ciwo shaida ce babba wajen gane mai laifi, ta fi shaidar maƙwabciya da ta ce ta ga wance a bakin murhu. Ban ce babu guba ta haƙiƙa ba. Wake da aka adana da maganin ƙwari ya sha hallaka mutane a ƙasar nan, amma wannan babi ne dabam, za mu ware masa ranarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a kowace shekara, yana kashe 420,000, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce ta fi ɗaukar nauyin.

Wanda ya je kasuwar Kawo ranar Talata ya sayo latas da kabeji da tumatir, ya tuna cewa bai san da wane ruwa aka yi ban-ruwan lambun ba, ya wanke su sosai da ruwa mai tsabta kafin a yi kwaɗo. Mai sayen zoɓo da kunun zaƙi ya tambayi kansa da wane ruwa aka yi ƙanƙarar, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi. Tsire da balangu a ci su da zafinsu daga kan wuta. Alif da ake jefawa a ruwa yana kwantar da laka ne kawai, ya gyara wa ido launi. Abin da ke kashe ƙwayoyin shi ne a tafasa ruwan har ya yi ta ɓulɓula na minti guda, ko a sa masa kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira rabin sa'a. Kuma ruwan da aka wahala aka tafasa, in aka juye shi a randar da kowane yaro yake tsoma moɗa har da yatsunsa, an koma gidan jiya. A sami ludayi mai dogon hannu a rataye, ko bokiti mai famfo.

A nan ne nake ganin sunnar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ta riga likitoci isa wurin, mu ne muka yi sakaci da ita. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa ya yi umurni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka, ya hana wanda ya farka daga barci tsoma hannunsa a mazubin ruwa kafin ya wanke shi, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani game da yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Mu kuwa muna tsarki da buta, madalla, amma ruwa zalla ba ya raba hannu da abin da ido ba ya gani, sai an haɗa da sabulu, in babu ko toka ce. Sa'an nan a dubi kwanon wanke hannun nan guda da ake zagayawa da shi kafin a ci tuwo, na farko ya tsoma, na goma ya tsoma: na ƙarshe wanka ya yi wa hannunsa da dauɗar mutum tara. A zuba wa kowa daga buta, ruwan ya zube a wani mazubi.

To, in duk da haka ciwon ya shigo gida fa? Abin da ke kisa a gudawa, galibi, ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuwa yana cikin abubuwa mafi araha a duniya. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya sa aka dinga dama gishiri da sukari a manyan durom ana ba majinyata da kofi. Mace-macen da suka kai kusan 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da 4. Hikimar ita ce, akwai wata ƙofa a bangon hanji da dafin bai iya rufewa ba, sukari yakan riƙo hannun gishiri su shige ta nan tare, ruwa kuma ya biyo bayansu. Ƙunshin ORS da ake sayarwa a kemis ana juye shi duka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwa biyu masu rabin lita. In babu shi a kusa, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe bakinsu, da rabin cokali na gishiri, a lita guda. Kada a ƙara gishiri don neman lada, yawansa illa ne ga yaro. A dinga ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, kada a janye nono, kada a hana abinci, abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. A haɗa masa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14.

Amma al'adar nan ta a ruga kemis a ce a ba ni Flagyl da kafso na naira kaza, a fasa a zuba wa jariri a koko, ba ta da amfani ga ƙwayar rota ko dafin shinkafa, sai ma ta koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Maganin tsayar da zawo kuwa ba a ba ƙananan yara shi sam. Idan aka ga jini a bayan gida, ko zawo fari kamar ruwan shinkafa, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ko ya wuni bai yi fitsari ba, to, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. A nemi Keke Napep a nufi Babban Asibitin Kawo ko asibiti mafi kusa, uwa tana rungume da shi, 'yar rakiya kuma tana riƙe da kofin ruwan gishiri da sukari, ana ɗiga masa a baki har a isa.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar wake da maganin ƙwari da muka jingine.

(Kiɗan rufe shiri.)